Ƙagaggun Labarai Da Ɗakin Jarrabawa: Waiwaye Adon Tafiya

Duk shekara idan jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, mukan ga ɗalibanmu a nan Sabon Garin Wudil sun duƙufa wajen haddar jigo da salo da zubi da tsari, alhali da yawansu ba su taɓa karanta littafin da za a tambaye su a kansa daga farko har ƙarshe ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi asalin dangantakar ƙagaggun labarai da makaranta.

Tarihi ya nuna cewa domin 'yan makaranta aka fara rubuta ƙagaggun labaran Hausa na boko. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya lura cewa yara sun iya karatu amma babu abin karantawa mai daɗi. Sai ya shirya gasa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa East ɗin ne ya rubuta tare da John Tafida. Abin lura shi ne, Imam da yayansa Bello suna koyarwa ne a Katsina, Tafawa Balewa kuma a Bauchi. Ke nan malaman aji ne suka rubuta wa yaran da suka sani.

Jarrabawa daga baya ta zo. An kafa hukumar WAEC a 1952, sannan tsarin 6-3-3-4 ya kawo jarrabawar babbar sakandare, wadda aka fara a 1988, NECO kuma ta fara tata a 2000. A tsakanin nan taskar littattafai ta ƙara cika. Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya fitar da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1982. Da adabi ya zama darasin da ake ci ko a faɗi, sai aka shiga yi wa ɗalibai gajerun bayanai don sauƙaƙawa. Sannu a hankali bayanan suka maye gurbin littafin.

A nan ne gizo ke saƙa. Yaron da ya haddace cewa jigon Shaihu Umar shi ne bauta zai iya rubuta layi biyu. Amma idan aka nemi ya warware jigon, dole sai wanda ya bi mahaifiyar Umar cikin hamada tana neman ɗanta ne zai samu abin faɗa. Haka nan ba a gane salon Imam sai an ji yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ramuwar gayya a tsakaninsu. Gani ya kori ji.

Saboda haka shirin jarrabawa na gaskiya shi ne a karanta littafin sau biyu: na farko don jin daɗi, na biyu da alƙalami a hannu, ana bin taurari da dalilan ayyukansu. A aji kuwa a riƙa karantawa da babbar murya, ko da kwafi ɗaya ne ake zagayawa da shi.

Mu kuma marubuta akwai namu kason. Cikin waɗannan yara ne za a samu masu karanta mu, da masu gadon alƙalaminmu. Idan suka bar makaranta suna ganin littafi abin hadda ne kawai, to wa za mu rubuta wa? Magabatanmu na 1933 sun yi rubutun da yaro ba ya iya ajiyewa, shi ya sa har yau ake nazarinsa. Allah Ya ba mu ikon koyi da su.