Tarihin auna ƙimar ɗan wasa a kasuwar musayar NBA

A gasar ƙwallon kwando ta NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Musaya ake yi. Ƙungiya ta ba da mutum ta karɓi mutum, ko ta karɓi gurbi a zaɓen matasan da ke shigowa gasar kowace shekara. Kuɗin da aka yarda a ɗora bisa ciniki kaɗan ne, doka ta ƙayyade shi. Don haka tun kafuwar gasar a 1946 manajoji ke fama da tambaya ɗaya: in za a saki wannan ɗan wasa, me ya kamata a karɓa a madadinsa? Amsar ta dogara ne da abin da aka iya ƙirgawa a kowane zamani.

Da farko takardar wasa ba ta ɗauke da komai sai maki, da laifuka, da ƙwallon da mutum ya miƙa aka ci. A kakar 1950-51 aka fara ƙirga cafkar ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo. Duk wanda aikinsa bai shiga waɗannan layuka ba, sai ido ya gane shi. Red Auerbach, kocin Boston Celtics, yana da irin wannan ido. A 1956 ya ba St. Louis Hawks Ed Macauley, fitaccen mai cin maki, ya haɗa da Cliff Hagan, don ya samu Bill Russell, matashin da ba a san shi da iya jifa ba. St. Louis ba ta yi asara nan take ba, har ta ci kofi a 1958. Amma Russell ya ci kofi 11 a kaka 13. Makinsa a kowane wasa bai wuce 15 da ɗoriya ba, cafkarsa kuwa ta haura 22. Babban aikinsa shi ne kaɗe jifan abokan hamayya, kuma ba wanda ya rubuta ko ɗaya, domin a lokacin ba a ƙirga shi.

Wilt Chamberlain shi ne ɗaya gefen lamarin. A kakar 1961-62 yana cin maki 50.4 a kowane wasa, kuma ranar 2 ga Maris 1962 ya zuba maki 100 shi kaɗai. Duk da haka a 1965 San Francisco Warriors ta miƙa shi ga Philadelphia 76ers a kan 'yan wasa uku da ba su kama ƙafarsa ba da ɗan kuɗi. Abin lura, kofinsa na farko ya zo ne a 1967, kakar da makinsa ya sauko zuwa kusan 24 saboda ya koma raba ƙwallo da tsare gida. Tun daga nan masu hankali a harkar suka gane cewa yawan maki daban, kawo nasara daban, sai dai ba su da ma'aunin da za su nuna hakan.

Takardar ta faɗaɗa a hankali. A 1973-74 aka fara rubuta ƙwace da kaɗe jifa, a 1977-78 aka ƙara asarar ƙwallo, a 1979-80 aka shata layin maki uku. Shi ya sa Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ke riƙe da tarihin kaɗe jifa da guda 3,830, alhali babu yadda za a gwada shi da Russell ko Chamberlain.

Sauyin da ya fi girgiza kasuwar daga ofis ya fito. Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa, ya kai gasar ƙara a 1970, aka sasanta a 1976, aka buɗe hanyar da ɗan wasa zai zaɓi inda zai je in kwantiraginsa ya ƙare. A kakar 1984-85 aka kafa iyakar albashi, dala miliyan 3.6 ga kowace ƙungiya, tare da sharaɗin cewa ƙungiyar da ta wuce iyakar, in za ta yi musaya, albashin da ke shigowa ya yi kusa da wanda ke fita. Daga nan ɗan wasa ya zama abu biyu: mutum a fili, lamba a takarda. Har aka samu 'yan wasan da ake nema ba don wasansu ba, sai don kwantiraginsu zai ƙare bana ya buɗe wa ƙungiya sarari. A 1995 aka ƙayyade albashin sababbin shiga, a 1999 aka sa wa albashin taurari rufi. Waɗannan dokoki biyu suka haifar da lissafin da ake bi har yau: ƙimar mutum ita ce tazarar da ke tsakanin aikin da yake yi da kuɗin da ake biyansa. Matashi gwani mai araha ya fi tsohon gwani mai tsada daraja, babban tauraro kuma ya fi kowa, domin doka ta hana a biya shi daidai aikinsa.

Guraben zaɓe ma suka zama kuɗi. Ted Stepien, mai Cleveland Cavaliers daga 1980 zuwa 1983, ya yi ta watsar da su a kan 'yan wasa tsaka-tsaki har gasar ta kafa dokar da ake kira da sunansa, wadda ta hana ƙungiya rabuwa da gurbinta na zagayen farko a shekaru biyu masu zuwa a jere.

Masana lissafi sun shigo da ƙarfi bayan shekarar 2000. Dean Oliver ya nuna cewa a auna aiki da yawan damar riƙe ƙwallo, tunda ƙungiya mai saurin wasa tana kumbura alƙaluman 'yan wasanta. John Hollinger ya ƙirƙiri PER, ma'aunin da ke dunƙule aikin mutum a lamba ɗaya, matsakaicin gasar 15. Aibinsa a fili yake: abin da ke takarda kaɗai yake gani, mai tsaron gida kuwa rabin aikinsa ba ya takarda. Wasu suka koma duba bambancin maki lokacin da mutum ke fili da lokacin da yake zaune. Da irin wannan tunani Houston Rockets ta ba da Rudy Gay, matashin da aka zaɓa a 2006, ta karɓi Shane Battier, wanda makinsa ba ya jan hankali amma abokin hamayyar da ya tsare kan sha wuya. A kakar 2013-14 aka kafa kyamarori a dukkan filayen gasar, suna bin motsin kowane ɗan wasa da ƙwallon sau 25 a daƙiƙa. Aikin da Auerbach ya gani da ido ya fara samun lamba bayan fiye da shekara hamsin.

Sai dai na'ura jiya take aunawa, mai musaya kuwa gobe yake saye. A 2013 Brooklyn Nets ta karɓi Kevin Garnett da Paul Pierce, duk sun haura shekara 35, ta ba Boston guraben zaɓe. Daga guraben nan Jaylen Brown da Jayson Tatum suka fito, su ne suka ci wa Boston kofin 2024. A 2019 Los Angeles Clippers ta ba Oklahoma City Thunder gurabe biyar na zagayen farko da Danilo Gallinari da wani matashi, Shai Gilgeous-Alexander, don ta samu Paul George. A 2025 matashin ya zama gwarzon gasar, Oklahoma ta ɗauki kofi. Duk cinikin biyu kuskure iri ɗaya ne: an biya farashin abin da mutum ya riga ya yi, an raina shekaru da rauni da saura nawa kwantiragi ya rage.

Akasin haka ya faru a Fabrairun 2025. Dallas Mavericks ta saki Luka Dončić yana ɗan shekara 25, watanni bayan ya kai ta wasan ƙarshe, ta karɓi Anthony Davis mai shekara 31, da Max Christie, da gurbi ɗaya kacal na 2029 daga Los Angeles Lakers. Manajan Dallas, Nico Harrison, ya kafa hujja da tsaron gida. A duk ma'aunin da kasuwar ta gina tun 1984, na shekaru da na aiki da na guraben zaɓe, an sayar da mutumin da arha, tun ba ma da aka yi cinikin a ɓoye ba tare da an bari sauran ƙungiyoyi sun taya ba. A Nuwamban shekarar Dallas ta sallami Harrison.