Ɗan'uwan maɗaci da akwatin Nasara

Kowa ya san maɗaci. Ɓawonsa muke jiƙawa in zazzaɓi ko ciwon ciki ya kama mutum. Fulani suna sassabe ganyensa su ba shanu da rani. Masassaƙa kuma suna yin turmi da jirgin ruwa da shi. To, maɗaci yana da ɗan'uwa can ƙetaren teku, wajen Amurka. Mutanen Ingila suna ce masa mahogani, Faransawa suna ce masa akaju. Labarinsa za mu ba ku yau.

Iccen nan yana fitowa a tsibiran Jamaika da Kuba da Haiti. A shekarar 1655 Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sipaniya. A 1721 kuma aka soke kuɗin fito bisa katakon da ake kawowa Ingila daga ƙasashen da take mulki a Amurka. Daga nan sai jirage suka dinga zuwa cike da gungume. Kafintoci suka ga abin da ba su saba gani ba: katako ja, mai faɗi, mai ƙarfi, ba ya saurin tanƙwarewa, ba ya saurin ruɓewa. In an goge shi, sai ya yi ta walƙiya.

Cikin abin da suka fi yi da shi akwai akwati mai aljihuna. Ba irin adakar da ake ɗaga murfinta ba ne. Tsaye yake bisa ƙafafu huɗu, da aljihu uku ko huɗu, wani bisa wani. Ka jawo wannan ka sa riguna, ka jawo wancan ka sa takardu. Ba sai ka birkice kaya duka ba kafin ka kai ga na ƙasa.

Gwanintar tana wajen haɗi. Kafinta yakan yanka bakin katako biyu haƙora-haƙora, ya cusa su cikin juna, kamar yadda mutum yake sarƙe yatsun hannuwansa. Da zarto da kurfi ake yin wannan, babu inji. Shi ya sa har yau masu sayen tsofaffin kaya sukan zare aljihu su duba haƙoran. In ba su yi daidai wa daida ba, aikin hannu ne. Akwai wayo kuma: mahogani a gaba inda ido yake gani, baya da ciki kuwa katako mai araha.

A 1754 wani kafinta na birnin Landan, Tomas Cipindal, ya buga littafi cike da zanen kujeru da tebura da akwatuna. Littafin ya kai har Amurka, wadda take hannun Ingila a lokacin. Can a garin Niyufot, gidaje biyu, na Tawunsan da na Godad, suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Wani teburin rubutu na garin an sayar da shi a 1989, dalar Amurka miliyan 12 da ɗoriya.

Amma wa ya sare iccen? Bayi ne, baƙar fata, waɗanda aka kwasa daga Afirka. A ƙasar da ake kira Beliz yanzu, mutum guda yakan hau icce mafi tsawo, ya hango inda mahogani yake cikin kurmi, don ba ya fitowa a tare. Sai sauran su sari hanya zuwa can. Gindinsa yana da kauri ƙwarai, saboda haka sai an kafa dandamali, a hau bisa a yi sara da gatari. Da rani shanu suke jan gungumen zuwa bakin kogi, da dare, ana haska hanya da wuta, don zafin rana. In damina ta faɗi, ruwa ya kai su teku. Wani kafinta yakan rubuta sunansa cikin aljihun akwati. Sunan mai gatari ba ya jikin ko ɗaya. Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulki a 1834, Faransa a 1848. Da Beliz ta sami mulkin kai a 1981, ta sa iccen mahogani da masu sara biyu bisa tutarta.

Ana sara, ba a dashe. Manyan itatuwan tsibiran suka ƙare. Wajen ƙarshen shekarun 1800 sai fataken katako suka juyo Afirka, ga dangin maɗaci na kurmi. Aka dinga fitar da su ta Garan Basam a Kodibuwar, da Akzim a ƙasar Gana ta yanzu. Zamanin mulkin Faransa, an kwashi samari da yawa daga ƙasar Mosi an kai su kurmi aikin tilas. Sai a 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da Hufuwet Buwanyi ya kai majalisar Faransa.

Maɗacinmu na nan ma ya ragu, tsakanin gatari da fari da masu ɓare ɓawo har su zagaye gindi, iccen ya bushe a tsaye. A 2022 ƙasashen duniya suka sa maɗacin Afirka cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da takardar izini.