BAKATSINE A MARAƊI: TARIHIN WATA BAƘUNTA

Gabatarwa

Mutumin Kusa ko Magama a ƙasar Jibiya, in ya shiga mota da hantsi, kafin azahar ya sauka a tashar Maraɗi. Hausar da ya baro ita zai tarar. Amma da zarar ya ce zai hau abin hawa ya shiga gari, sai baƙunta ta bayyana. Manufar wannan maƙala ita ce a binciko asalin wannan baƙunta tsakanin garuruwa biyu da suka fito daga tsatso ɗaya.

Kafin iyaka

Kamar yadda aka sani, bayan da Ummarun Dallaje da jama'arsa suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsinar Maraɗi, kuma akwai unguwar 'Yanɗaka a can, sunan da kowane Bakatsine ya sani. A wancan zamani abin tsoro a hanyar shi ne mahara, domin yaƙi bai kwanta tsakanin sassan biyu ba. Abin hawa kuwa ɗaya ne, wato doki da jaki da raƙumi.

Zuwan Turawa ne ya sauya al'amarin. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa turakun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Jibiya ta faɗa hannun Ingila, Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa.

Abubuwa huɗu masu rikita baƙo

Na farko shi ne hannun tuƙi. Nijeriya ta gaji bin hagu daga Ingila, Nijar kuwa dama take bi. Saboda haka direban da ya ƙetare Jibiya dole ya sauya hannu, mai tafiya ƙasa kuma ya koyi waiwayen wancan ɓangare kafin ya tsallaka titi. Wannan matsala ta kau ran 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma dama.

Na biyu shi ne fasalin garin. A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta rushe tsohon gari da ke cikin fadama, aka mai da shi kan tudu. Faransawa suka yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu gittawa juna, kowace kusurwa ta yi kama da 'yar'uwarta. Wanda ya saba da lungunan Birnin Katsina, inda ƙofofin ganuwa ke nuna masa gabas da yamma, sai ya dogara ga mai abin hawa. Shi kuma da unguwa yake aiki, ko Mokoyo, ko Bagalam, ko Zariya, ko Sabon Gari, sai a haɗa masa da wata alama kamar masallaci ko bakin kasuwa.

Na uku, wanda ya fi jawo rigima, shi ne ƙidayar kuɗi. An ƙirƙiro sefa a 1945, amma Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Alal misali, in mai babur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. In ya ce ɗari, to 500 ke nan, jikka kuma 1,000. A Nijeriya jaka fam 100 ce a da, ta zama naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Baƙon da bai san haka ba sai ya miƙa kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yi ciniki, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai son zuciya.

Na huɗu shi ne kalmomin aro. Mu mun aro daga Ingilishi, su daga Faransanci. Kwastan ɗinmu shi ne duwan, katin shaida kardante, kwalta guduro, makarantar boko lakwal. Su ne kuwa kalmomin da ake bukata wajen kwatance da wajen shingen jandarma.

Abin hawan da iyaka ta haifa

Abin mamaki, iyakar da ta raba ita ce kuma ta haɗa. Da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya a Afrilun 1984, suka zauna a rufe har zuwa Maris ɗin 1986, mota ta kasa wucewa, babur ya zama jakin ɓarauniyar hanya. Daga garuruwan bakin iyaka irin su Birnin Ƙonni sana'ar kabu-kabu ta bazu cikin Nijar. Haka nan keken a-daidaita-sahu, wanda ya samo suna daga shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, ya ƙetara Maraɗi da sunansa.

Kammalawa

An sake rufe ƙofar Jibiya a 2019, aka buɗe a 2022, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A 2021 kuwa aka aza harsashin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. In ya kammala, baƙi za su ƙaru a titunan Maraɗi. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara kalmomin tasha da na kuɗi na ɓangarorin biyu tun yanzu, domin a bakin masu kabu-kabu da 'yan kamasho wannan tarihi yake, kuma zumunta a ƙafa take.