Shekara Ɗaya A Jami'a Da Abin Da Ta Koya Mini Game Da Sabon Badun

'Yan uwana mazauna Sabo a nan Badun, da na Shagamu da Agege da duk inda Allah ya ajiye Bahaushe a ƙasar Kurmi, ina yi muku fatan alheri. Tun da na dawo gida ake tare ni a ƙofar masallaci ana tambayata, wai ina labarin karatu? Wasu don tausayi suke yi, wasu kuma don su sami hujjar da za su kafa wa 'ya'yansu. Shi ya sa na ga ya fi in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Gaskiyar magana ita ce aji ɗaya tak na yi a jami'a, kuma har yau takardar da ke hannuna ta sakandare ce. To amma ajin nan guda ya ɗauke ni daga watan Janairun 2022 har zuwa tsakiyar 2023, kuma a cikinsa ne na san tarihin unguwar da aka binne cibiyata.

A gidanmu ni ne na farko da ya taka ƙofar jami'a. Kakana ya zo Badun a jirgin ƙasa yana saurayi, ya yi wa wani maigida dakon goro har ya tsaya da ƙafarsa. Mahaifina a rumfar goron ya buɗe ido, ni ma haka. Abin mamaki shi ne, jami'ar farko a ƙasar nan, wadda aka buɗe a 1948, tana nan cikin garinmu, in ka hau Micra daga Mokola 'yan mintoci kaɗan za su kai ka ƙofarta. Amma a tasowata mutanenmu da na sani suna zuwa wajen, masu tsire ne da masu gyaran takalma da masu gadi.

Wahalar farko ta same ni tun kafin in shiga aji. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko. Ko ta wace ƙofa ka shiga, ranar rajista sai an nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali. A nan Badun aka ce mini ai kai Bahaushe ne, ka tafi garinku, alhali ni da mahaifina duk a nan aka haife mu. Dole na kama hanyar wani ƙauye a ƙasar Kano wanda ban taɓa gani ba. Dagacin garin ya yi ta juya sunan kakana a bakinsa bai gane shi ba, sai da aka nemo wata tsohuwa da ta tuna da "wanda ya tafi Kurmi bai dawo ba", sannan aka sa mini hannu. Kwana tara na yi a kan takarda ɗaya.

Allah cikin ikonsa na sami gurbi a wata jami'ar tarayya a Arewa, a sashen tarihi. Baba ya so a ce lissafin kuɗi ne, amma ya ce, "Tunda shi Allah ya ba ka, je ka, sai dai kada ka dawo mini kana raina goro." Ranar da zan tafi har walima aka yi a zauren gidanmu. A zuciyata na ce yau dai zan je inda ba wanda zai kira ni Gambari ko Aboki.

Ashe ban san dawan garin ba. Daren farko a ɗakin kwanan ɗalibai, ina buɗe baki na ce "oya mu je mu ci abinci", sai ɗakin ya kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Bayarabe. Ba da mugunta suke yi ba, har mun zama abokai, amma abin ya tsaya mini a rai. Wani ɗan Zariya ya tambaye ni da gaske, wai yaushe za mu dawo gida? Na rasa amsar da zan ba shi, domin kuwa gidan da na sani yana kusa da filin wasa na Adamasingba.

Ba mu yi nisa da karatu ba, ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a duk faɗin ƙasa. Da farko aka ce na wata ɗaya ne, muka tafi da 'yan kaya kaɗan. Ba a janye ba sai ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Na dawo rumfar Baba cike da baƙin ciki, masu cewa boko ɓata lokaci ne suka sami abin faɗa. Sai dai a yau in aka tambaye ni, watannin nan takwas su ne mafi amfani a cikin shekarar gaba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, kafin mu rabu wani malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya rubuto tarihin unguwarsu daga bakin tsofaffi. Don haka kullum da hantsi, muna zaɓen goro, muna ware fari da ja, muna fitar da mai sankara, muna sake wa huhu ganye, sai in riƙa jan tsofaffin rumfar da tambaya. Akwai wani aminin kakana da muke kira Baffa, wanda ya haura shekara tamanin. Ranar farko ya ce mini, "Kai ɗan nan, wannan ma karatu ne a wurinku?" Daga baya shi da kansa yake aiko a kira ni in ya tuna wani abu.

Ga abin da na tattara, wanda daga baya na gwada shi da littattafai. A da can goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja fatake ke ɗauko shi, a ƙasar Gana ta yau, a kan jakuna, tafiyar watanni. Abubuwa biyu suka juyo da hanyar zuwa nan. Na ɗaya jirgin ƙasa, wanda ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Na biyu, manoman Yarbawa a wajajen Agege da Ifo da Shagamu suka rungumi noman irin goron da Bahaushe ke so. Sai ya zama shanu na gangarowa Kudu, goro na haurawa Arewa, kuma Badun na tsakiyar hanya. Da farko Hausawa a gidajen Yarbawa suke sauka a cikin gari. A 1916 ne sarakunan Badun da Turawan mulki suka ware musu wannan wuri kusa da Mokola, aka naɗa musu sarkinsu, aka kira shi Sabo.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana. Mai shanu zai taso daga Arewa bai san kowa ba, ya sauka a gidan maigida, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai cika daga aljihunsa. Goro ma haka, mutum yana Kano zai aiko da dukiyarsa, a saya masa, a ɗaure, a loda a jirgi, ba takarda ba lauya. Baffa ya ce duk wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin jirgi ya kai Jebba labarinsa ya riga shi zuwa. A farkon shekarun 1950 kuma ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, mutanen Sabo suka koma yin sallar Juma'a a masallacinsu, abin da ya ƙara ɗaure su wuri guda.

A nan ne na gane abin da ya hana iyayenmu boko. Lokacin da gwamnatin Awolowo ta kawo ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, 'ya'yan maƙwabtanmu suka cika makarantu. Kakanninmu kuwa suka duba suka ga da yawan makarantun na mishan ne, kuma da Yarbanci ake fara karatun. Bayan haka, yaron da ya tashi a rumfa yana koyon sanin goro da sanin mutane, ya kai shekara ashirin ya riga ya zama abin dogaro, wanda ya tafi boko kuwa an yi asarar hannu ɗaya. A zamaninsu lissafin ya fita. Sai dai zamanin ya juya, tirela ta karɓe aikin jirgi, waya da banki suka rage bukatar maigida, mu kuma muka gaji tsoron boko ba tare da mun gaji ribar da ta sa aka guje shi ba.

Da muka koma makaranta a ƙarshen 2022 na miƙa aikina, shafi goma sha biyu da rubutun hannu. Bayan mako biyu malamin ya kira ni ofishinsa, gabana na faɗuwa. Ya ce, "Malam, ka san an rubuta littafi a kan unguwarku?" Ya tura ni ɗakin karatu in nemo littafin wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, littafin ya fito a 1969. Wallahi da na buɗe na ga sunan Sabo a rubuce, da bayanin maigida da dillali kusan yadda Baffa ya ba ni, sai da na rufe littafin na ɗan zauna shiru. Malamin ya sa na karanta aikina a gaban aji. Waɗanda ke kirana Bayarabe suka yi ta tambaya har lokaci ya ƙare. Ban taɓa jin daɗin wata rana a makaranta kamar wannan ba.

Daɗin bai daɗe ba. A farkon 2023 aka shiga wahalar canjin takardun Naira. Ni a makaranta na kwana biyu ina bin layin banki, kuɗina na ciki amma ba na abinci a hannu, sai garin kwaki da wani abokina ɗan Gombe ya riƙa raba mana. A gida abin ya fi muni. Manoman goro a ƙauyuka ba su yarda da tura kuɗi ta waya ba, sai tsaba, masu saye a Arewa su ma ba tsabar. Kayan da Baba ya ɗaure suka zauna har sankara ta cinye fiye da rabi. Ana cikin haka aka rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. Na zo gida na tarar Baba ya rame, hawan jini ya kama shi, amma bai gaya mini ba don kada hankalina ya rabu.

Na koma na rubuta jarrabawa, kuma alhamdu lillahi ban faɗi ko darasi ɗaya ba. To amma ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Badun zuwa Arewa ya ninka, sannan kuɗin rajistar aji biyu shi ma ya tashi. Muka zauna da Baba da daddare a zaure. Ya ce zai sayar da rumfa ɗaya. Na dubi ƙannena biyar, na dubi jikinsa, na ce, "Baba, a bar rumfar, ni zan zauna." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bashin karatu na gwamnatin tarayya bai fara aiki ba sai a 2024, lokacin ni na riga na karɓi ragamar rumfa.

Ban rubuta wannan don a tausaya mini ba, kuma ina roƙon masu kafa hujja da ni su daina. Ba boko ne ya kayar da ni ba, rashin shiri ne da halin da ƙasa ta shiga. Shawarata ga iyaye ita ce, a nemo wa yaro takardar asali tun yana aji huɗu na sakandare, kada a bari sai ranar rajista. Masu hali a cikinmu, 'yan canji da manyan dillalai, su duba yiwuwar kafa asusun da zai riƙe ɗalibi ko da biyar ne a shekara, kamar yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa a da. Matasa kuma mu zauna da tsofaffinmu da waya a hannu mu naɗi maganarsu. Baffa ya rasu a bara, kuma shafi goma sha biyun nan ne kawai abin da ya rage na labaransa.

Ƙanwata ta rubuta jarrabawar JAMB, tana son aikin jinya, kuma Baba da kansa ya raka ta wajen rajista. Kuɗin karatunta daga rumfar goro zai fito in Allah ya yarda. Ni ma ban cire rai ba, ina tambayar yadda ake karatu daga gida. Wanda duk ke da tsohon hoto ko wata takarda da ta shafi kafuwar Sabo, don Allah ya neme ni a rumfa bayan La'asar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba Baba lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.