Jirgin Tururi da Garin da Ya Ɓace: Yadda Aka Fara Kai Ziyara Birka

A ƙasar Suwidin, da zarar ƙanƙarar tafkin Mälaren ta narke, yini ya fara tsawo, sai jiragen ruwa su soma ɗibar mutane zuwa wani ƙaramin tsibiri mai suna Björkö, kimanin kilomita 30 yamma da birnin Stockholm. Cikin jiragen akwai wani tsoho, Ejdern, wanda aka ƙera a 1880, kuma har yau da kwal ake hura masa wuta. Daga garin Södertälje yake tashi, ya kai baƙi inda garin Birka na 'yan Viking ya taɓa zama, ya dawo da su kafin dare. Wannan tafiya ta yini guda ba ta samu ba sai da aka ceto abu biyu: garin da ƙasa ta binne ɗaruruwan shekaru, da jirgin da ya kusa zama tarkacen ƙarfe.

An kafa Birka wajen shekarar 750. A zamanin, Mälaren reshe ne na tekun Baltik, jirgi na iya shigowa daga teku har bakin tsibirin. Sarki yana zaune a Hovgården, kan tsibirin Adelsö da ke tsallaken ruwa, yana sa ido kan kasuwa, yana ba fatake kariya, yana cin moriyar ciniki. Mazauna garin ba su fi 700 zuwa 1,000 ba, amma hajar da ke ratsa shi ta fi ƙarfin girmansa. Daga arewa ake kawo fatun namun daji masu gashi, da ƙarfe, da ƙahonni. Masu sana'a suna sassaƙa mataji da ƙaho, suna zuba tagulla, suna yin duwatsun ado na gilashi. Daga yankin kogin Rayin na Jamus ake kawo tukwane da kofunan gilashi, siliki kuma daga gabas. Bayi ma suna cikin abin da 'yan Viking ke fatauci da shi, kuma wannan ɓangare ne na tarihinsu da ba ya ɓoyuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne azurfa. Daga ƙarni na tara zuwa na goma, fataken arewacin Turai suna bin kogunan ƙasar Rasha ta yau, musamman Bolga, har su haɗu da 'yan kasuwar daular Musulunci. Irin waɗannan fataken arewa ne Ahmad ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya gani a bakin Bolga a 922, ya kuma rubuta bayaninsu. Abin da suke komawa gida da shi dirhami ne, wani na Abbasiyawa, mafi yawa na Samaniyawa, bugun garuruwa irin su Samarƙand da Tashkent, ɗauke da kalmar shahada cikin rubutun Kufi. Mutanen Birka ba ƙirga dirhamin suke yi ba, auna shi suke yi. Sukan datsa shi gutsi-gutsi su ɗora a ma'auni, shi ya sa aka tarar da ƙananan sikeli da duwatsun awo a kaburburansu. A kabarin wata mata ta ƙarni na tara an sami zoben azurfa mai idon gilashi, da rubutun da masu bincike suka karanta sunan Allah a ciki. Kayan Musulmi sun isa tsibirin nan tun mutanensa suna bautar Odin da Thor.

Kiristanci ma ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wajen 830 wani malamin coci mai suna Ansgar ya iso Birka da yardar sarki Louis, ɗan Sharlaman, bayan 'yan fashin teku sun washe shi a hanya. Sarki Björn ya ba shi izinin wa'azi, hakimin garin, Hergeir, ya karɓi addinin har ya gina coci a filinsa. Ansgar ya sake dawowa wajen 852, amma addinin bai yi saiwa ba a lokacin. Ribar da tarihi ya ci ita ce magajinsa, Rimbert, ya rubuta labarin rayuwarsa, kuma a nan ne sunan Birka da tsarin zamanta suka shiga takarda.

Wajen 975 garin ya mutu. Masana suna kawo dalilai da suka taru. Ƙasar yankin tana ɗagowa a hankali tun bayan da nauyin ƙanƙarar zamanin dā ya sauka daga kanta, don haka mashigan ruwa suka riƙa rasa zurfi, ciki har da mashigin kudu ta wajen Södertälje. Azurfar gabas ta ragu. Tsibirin Gotland ya ja ciniki, sannan aka kafa Sigtuna wajen 980 a matsayin sabon garin sarki. Gidajen Birka na itace ne, suka ruɓe, manoma suka nome wurin. Aka kai lokacin da malamai ke karanta sunan garin a littafi amma suna gardama kan inda yake.

A shekarun 1680 Johan Hadorph, mai binciken kayan tarihi, ya yi tono a Björkö, ya ƙarfafa ra'ayin cewa nan ne Birka. A 1834 aka kafa gicciyen dutse a kan tudun ganuwar garin don tunawa da Ansgar, kuma yana nan tsaye har yau. Babban aikin kuwa ya zo ne ta hannun wanda ba shi ya kawo shi ba. Hjalmar Stolpe masanin ƙwari ne. Ya je tsibirin a 1871 yana neman daskararren ƙaron itace mai ƙwari a ciki, sai ya tarar da ƙasa baƙa wuluk, cike da toka da gawayi da ƙasusuwa, alamar mutane sun daɗe suna zaune a wurin. Daga nan ya karkata. Tsakanin 1871 da 1895 ya tone kaburbura kusan 1,100 cikin wajen 3,000 da ke tsibirin. Ya riƙa zana kowane kabari da inda kowane abu yake kwance, da tsanaki irin wanda ba a saba gani ba a zamaninsa. Bai rayu ya ga an buga aikin ba. Holger Arbman ne ya fitar da shi a farkon shekarun 1940, kuma da zanen Stolpe masana ke aiki har gobe.

A cikin ƙarnin da ake tono garin ne tururi ya canza tafkin. Samuel Owen, injiniya haifaffen Ingila da ya zauna a Stockholm, ya ƙera jirgin tururi mai suna Amphitrite, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Mälaren a 1818. Shekara guda bayan haka aka buɗe mashigin ruwa na Södertälje, aka sake haɗa tafkin da teku ta kudu, wato ta hanyar da 'yan Viking suka bi. Kafin ƙarshen ƙarni na sha tara ƙananan jiragen tururi sun zama motar hayar mutanen tsibirai. Su ke kai madara, kayan lambu da dabbobi kasuwa, su dawo da wasiƙu da kayan masarufi. Su ne kuma suka sa ɗalibi ko ma'aikacin birni zai iya zuwa Björkö ya dawo a yini ɗaya, ba sai ya jira iska ta kaɗa ba. A 1930 aka buɗe ƙaramin cocin Ansgar a tsibirin, baƙi suka ƙara yawa.

Ejdern ɗan wancan zamani ne. A Göteborg aka ƙera shi, daga baya ya koma Södertälje, ya yi shekaru da dama yana jigilar mutane da kaya zuwa Adelsö da tsibiran da ke kusa. Bayan yaƙin duniya na biyu tituna suka gyaru, aka gina gadoji, bas da manyan motoci suka ƙwace aikin. Jiragen tururi suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka yanka su, wasu aka cire musu inji aka sa na dizal. Ejdern ma ya lalace, ya kusa bin sahunsu. Wasu masu kishinsa ne suka kafa ƙungiya, suka sa kuɗinsu da lokacinsu suka gyara shi, ya dawo ɗaukar fasinja a shekarun 1970. Yanzu ana lissafa shi cikin jiragen tururi masu farfela mafiya tsufa a duniya da ke aiki da injinsu na asali, kuma masu aikin sa-kai ne ke tuƙa shi, su zuba kwal, su shafa wa inji mai. Irin wannan ceto ya sami wani jirgin, Mariefred, na 1903, wanda har yau yake bin hanyarsa ta farko daga Stockholm zuwa garin da ya ci sunansa.

Daga 1990 zuwa 1995 Björn Ambrosiani ya jagoranci sabon tono a cikin baƙar ƙasar, inda aka gano filayen gidaje, lunguna da maƙerar masu zuba tagulla. A 1993 hukumar UNESCO ta sa Birka da Hovgården cikin wuraren tarihi na duniya, a 1996 kuma aka buɗe gidan tarihi a tsibirin. Labarin bai ƙare ba. Akwai kabarin da Stolpe ya tone a 1878, mai takobi, gatari, mashi, kibau, garkuwa biyu, dawakai biyu da 'ya'yan wani wasa irin na dara. Sama da shekara ɗari ana ɗaukarsa kabarin jarumi namiji. A 2017 binciken ƙwayoyin halitta da Charlotte Hedenstierna-Jonson da abokan aikinta suka wallafa ya nuna mace ce. Masana suna ta muhawara kan ko makaman na nufin ta yi yaƙi da kanta, kuma wannan muhawara ta jawo sababbin baƙi daga ƙasashe da yawa.

Wanda ya je yau zai iya hawa jirgin zamani daga bakin ginin majalisar birnin Stockholm, tafiyar kusan awa biyu, ko ya bi Ejdern a ranakun bazara da yake tashi. A tsibirin jagora zai zagaya da shi cikin tuddan kaburbura, ya hau da shi tudun ganuwa, ya nuna masa gidajen da aka sake ginawa bisa fasalin na dā. Mafi yawan kayan da aka tono suna gidan tarihi na ƙasa a Stockholm, amma a kan ruwa ne mutum ke gane dalilin kafa garin a nan, domin yana ganin mashigai da tsibiran da fatake suka ratsa, cikin tafiyar da ba ta gaggawa.

Birka ta tsira saboda mutum guda ya zana abin da ya tono da gaskiya, Ejdern kuma ya tsira saboda mutanen gari sun ƙi yarda a yanka shi. Kayan tarihi ba sa kiyaye kansu. Duk al'ummar da ke son jikokinta su ga abin da kakanni suka bari, sai ta sami masu rubutawa da masu gyarawa tun abin bai salwanta ba.