Ƙin Yaƙi a Waje, Kiwon 'Yan Banga a Gida: Nazari Kan Jam'iyyun Arewa

Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ta Nijar a ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda, tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. Nan take 'yan siyasar Arewacin Nijeriya, na jam'iyya mai mulki da na adawa, suka yi magana da murya ɗaya. Sanatocin yankin suka tunatar da cewa jihohi bakwai, daga Kebbi zuwa Borno, sun yi iyaka da Nijar, kuma a ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan shugaban ƙasa kan tura dakaru. Wannan matsayi daidai ne. Abin da maƙalar nan ke tuhuma shi ne tushensa: yawancin jam'iyyunmu ba zubar da jini suke ƙi ba, suna ƙin tashin hankalin da linzaminsa ba ya hannunsu ne.

Tarihi ya ba da hujja tun daga jamhuriya ta farko. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin makamin nukiliya da ta yi a hamadar Sahara. Matakin ya ɗaga darajar Nijeriya a idon Afirka. Sai dai jam'iyyar NPC da ke jagorantar wannan gwamnati ita ce ta ci moriyar ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da Jam'iyyar Mahaukata a Kano, wadda aikinta tarwatsa taron jam'iyyar adawa ta NEPU da dukan 'ya'yanta. Ita ma NEPU ta kafa nata reshen matasa mai suna PAW domin kare kai da ramuwa. Mutanen Sabon Garin Zariya ba labari aka ba su ba: Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU kuma 'yar unguwar, ta sha duka a hannun 'yan banga, ta kuma sha ɗauri a kotunan alƙalai. Gwamnatin da ta tsaya wa mutanen Sahara ba ta iya kare wannan mata a cikin garinta ba.

Samaru kuwa, tun kafa Jami'ar Ahmadu Bello a can a 1962, ta zama matattarar adawa da mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Amma zanga-zangar ƙin dokar haɗe ƙasa ta Janar Ironsi, wadda ɗaliban jami'ar suka taka rawa wajen farawa a ƙarshen Mayun 1966, ta rikiɗe ta zama kisan 'yan kabilar Ibo a Sabon Gari da sauran biranen Arewa. Darasin a nan shi ne, kaifin tunani kan zaluncin nesa ba ya hana makanta ga na kusa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Jamhuriya ta huɗu ta gaji wannan ɗabi'a, ta ƙara mata kuɗi da ƙwaya. Gombe ta san 'yan kalare, Bauchi ta san sara-suka, Katsina da Zariya sun san ƙauraye. A Borno, 'yan bangar siyasa sun ari sunan ECOMOG, wato rundunar da Nijeriya ta jagoranta wajen kwantar da tarzoma a Laberiya daga 1990. Kwamitin Ambasada Usman Gaji Galtimari, wanda ya binciki matsalar tsaro a Arewa maso Gabas a 2011, ya nuna cewa 'yan siyasa sun kafa irin waɗannan ƙungiyoyi gabanin zaɓen 2003, suka yi watsi da su bayan biyan buƙata, wasunsu kuma suka faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi. A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda Zariya ta ɗanɗana, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 800 suka mutu cikin kwana uku.

Me ya sa jam'iyya za ta ƙi yaƙi a waje ta riƙe 'yan banga a gida? Amsar tana cikin lissafin riba da hasara. Yaƙi da Nijar zai rufe hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ya durƙusar da kasuwar Dawanau, ya fusata malamai da sarakuna, ya kuma ci ƙuri'a. Ɗan banga kuwa ƙuri'a yake kawowa, ko ya hana abokin hamayya samu, kuma idan ya mutu, ɗan talaka ne. Abin bai tsaya ga Nijeriya ba. A Ailan, jam'iyyar Sinn Féin ta yi adawa da yaƙin Iraƙi na 2003, alhali ƙungiyar IRA da ake dangantawa da ita ba ta kammala ajiye makamai ba sai 2005.

Za a iya cewa gora da adda ba ɗaya suke da jirgin yaƙi ba, kuma munafuncin mai magana ba ya mai da gaskiya ƙarya. Duka biyun haka ne, kuma ba kowane sanatan da ya ƙi yaƙin ke da 'yan banga ba. Sai dai matsayin da aka gina kan lissafi yana juyawa ranar da lissafin ya juya. Jam'iyyar da ta saba wa matasa cewa saɓanin siyasa da makami ake warware shi ta riga ta rushe hujjar da za ta kafa gobe a gaban shugaban da ke son yaƙi.

Ma'aunin gaskiyar jam'iyya yana cikin dokar ƙasa. Sashe na 227 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta wa kowace ƙungiya ajiye mutane ko horar da su domin amfani da ƙarfi a siyasa. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara a 2008 a kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe, amma shawarar ta yi shekaru tana yawo a majalisa. Majalisar da ta iya taka wa shugaban ƙasa birki cikin kwanaki kan batun Nijar ba ta rasa iko ba. Niyyar ce babu, domin wanda za a fara gurfanarwa shi ne ubangidan ɗan banga.