Zarto, Guduma Da Alƙalami: Jinyar Sojojin Yaƙin Duniya Na Ɗaya

A wannan makon za mu leƙa Birtaniya ne, zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato 1914 zuwa 1918.

Yaƙin ya dawo wa ƙasar da sojoji sama da 41,000 da aka yanke wa hannu ko ƙafa, ga kimanin 80,000 da firgicin bama-bamai ya rikita: wani bakinsa ya rufe, wani jikinsa sai karkarwa, wani barci ya gagare shi. Likita zai iya ɗinke rauni, to amma yaya za a yi da saurayin da ya shafe watanni a kwance yana kallon rufin ɗaki?

A 1916 likitan ƙashi Robert Jones ya jagoranci buɗe asibitin sojoji a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan, aka tanadi ɗakunan sana'a a cikinsa: kafinta, ƙira, dukanci da ɗinki. Manuel na Biyu, sarkin Fotugal da aka tuɓe a 1910, yana cikin waɗanda suka tsaya kan aikin. Dabarar ba ta da wuya. Idan aka ce wa mai sandararren idon sawu ya yi ta motsa ƙafa, yanzun nan zai ƙosa. Amma a zaunar da shi kan keken ɗinki na ƙafa, hankalinsa na kan ɗinkin, gaɓar kuma tana saki bai sani ba. Haka zarto yake yi wa kafaɗa da gwiwar hannu. Abin da ya fi burge mu shi ne kayan da suke ƙerawa: karan ɗori na ƙarfe da na katako, da takalman masu rauni, waɗanda 'yan uwansu na gadon kusa za su yi amfani da su. Wanda jiya ake ba shi abinci a baki, yau ga wani yana jiran aikin hannunsa.

Masu ciwon firgici kuwa, hafsoshinsu aka riƙa kaiwa asibitin Craiglockhart a birnin Edinburgh na Sukotilan. Mu lura, hafsoshi muka ce; ƙananan sojoji da yawa ba su ga wannan gata ba, wasunsu ma da wutar lantarki aka riƙa jona su wai don bakinsu ya buɗe. A Craiglockhart akwai likita Arthur Brock, wanda ya yi amanna cewa firgici yana raba mutum da duniyar da ke kewaye da shi, aiki ne kuma zai mayar da shi. Sai ya riƙa tura majinyata lambu da gonaki, wasu koyarwa a makarantun gari.

A watan Yunin 1917 aka kawo masa wani matashin hafsa mai in'ina da munanan mafarkai, Wilfred Owen. Brock ya fahimci alƙalami ne kayan aikin wannan, ya ƙarfafa masa gwiwar rubuta waƙa, aka kuma damƙa masa editancin mujallar asibitin, The Hydra. A nan ya haɗu da marubuci Siegfried Sassoon, wanda ya riƙa duba masa waƙoƙinsa yana gyara. Wasu daga cikin waƙoƙin yaƙi da duniya ta san Owen da su, a wannan asibitin ya fara rubuta su.

Sai dai kada daɗin labarin ya ɗauke mu. Waɗannan asibitoci na soja ne, kuma a wurin rundunar, warkewa na nufin mutum ya sake iya riƙe bindiga. Bayan wata huɗu kwamitin likitoci ya sallami Owen ya koma bakin aiki, a 1918 kuma ya koma fagen daga a Faransa. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba, yana ɗan shekara 25, saura mako ɗaya a tsagaita wuta. Saƙon rasuwarsa ya iso wa mahaifiyarsa ranar 11 ga wata, ana tsaka da kaɗa ƙararrawar murnar ƙarewar yaƙi.